Shekarar da Na Sauka daga Keke

Na ji yadda kuke ba abokanku labarin nan, kuma kun ɓata shi ta wuri biyu. Kuna cewa uwarku ta je Doso ta ci gasar rawa ta dawo da kofi. Kuna kuma cewa Kawu Isuhu mugun mutum ne, ya kori ƙanwarsa gurguwa daga bakin shagonsa don ta yi abin a zo a gani. To, babu kofin da na ci, da na ci da kun gan shi a kan kabad ɗin nan da kuke hargitsa mini kullum. Kawunku kuwa yana kabari, ba zai tashi ya kare kansa ba, ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Tun da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina har na iya riƙe biro, bari in rubuta muku da hannuna, kada in mutu ku ci gaba da yi wa mamaci ƙarya.

A Dumega aka haife ni, kun sani. Ina shekara huɗu shan inna ya kama ni, na kwanta da zazzaɓi na tashi ƙafafuna sun zama kamar tsumma. Mutanen garinmu suka ce doguwa ce ta sha su. Innarmu ta kai ni wurin masu bori, ta kai ni wurin malamai, aka yanka abin da aka yanka, aka sha abin da aka sha, ƙafa dai ba ta dawo ba. Da na gaji da zama wuri ɗaya sai na koyi tafiya da hannu, ina ɗaga jikina ina jan ƙafafun a baya. Da damina da kaka babu laifi, amma da bazara rairayin tsakar gidanmu yakan yi zafin da kaza ma ba ta yarda ta taka. Wata rana da azahar na fito neman ruwa, kafin in kai randa tafukan hannuna sun yi bororo. Na zauna a inuwar rumbu ina kuka, ba na so kowa ya gani. Yaya Isuhu ne ya gan ni, lokacin shekararsa ba ta wuce goma sha ɗaya ba. Ya ɗauki gizagon Baba ba da izini ba, ya fita.

Kwana uku yana fama da wani guntun icen aduwa a bayan gida, ya sare yatsa sau biyu, ya sha duka wurin Baba sau ɗaya. A rana ta huɗu ya ajiye mini takalman hannu guda biyu a gabana, katako ne mai faɗi a ƙasa, da mariƙi a sama inda zan damƙe. Aikin yaro ne, ba su yi daidai da juna ba. Na hagun ma gizago ya ci shi da yawa ta ƙasa har ya yi rami. Da na buga su a kan daɓen ɗakin Inna, sai na dama ya yi wata ƙara siririya, na hagu mai ramin ya amsa da murya mai kauri. Na sake bugawa, suka sake amsa wa juna. Yaya Isuhu ya kife ƙwaryar Inna ya fara kaɗa mini da yatsu, ni kuma na ɗaga jikina a kan hannu ina lilo ina amsa masa da katako. Inna ta shigo da niyyar faɗa saboda ƙwaryarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Ranar na fara rawa, kuma kawunku ne makaɗina na farko, ku riƙe wannan.

Daga nan duk sa'ad da hannuna ya girma sai ya sassaƙa mini wasu, kuma ya daina kiran ramin kuskure, da gangan yake yin sa: na hagu mai zurfi, na dama ɗan kaɗan. Na ƙarshe ya yi mini su ne da za a kai ni gidan babanku, wanda a lokacin yake dukanci a Kore Mairuwa kafin mu dawo Dogon Dutsi. Bayan bikina ya tafi ci-rani, ya yi shekaru a kudu, ya dawo da jari da gemu da karatu. Ya buɗe shagon kayan masarufi a kasuwar Dogon Dutsi, ya daina zama inda ake kiɗa, ko rediyo ya fara waƙa sai ya murɗe shi. Amma bai taɓa juya mini baya ba. Shi ya sayo mini keken ɗinki na hannu, shi ya kafa mini rumfa a bakin shagonsa, inda duk matar da ta zo sayen sabulu sai ta ga ɗinkina. Takalman yau da kullum nakan saya wurin masassaƙin kasuwa, dunƙulallu marasa murya. Na Yaya kuwa na naɗe su a tsohon zane, ba na fito da su sai ranar suna ko biki, a cikin gida, tsakanin mata zalla, idan an kife ƙwarya a ruwa. Ya san ina yi, yana yin kamar bai sani ba.

Ina da shekara arba'in da wani abu, dukanku an haife ku, sai ga takarda ta zo daga Yamai. Gwamnati ta ce daga yanzu idan ana bikin al'adu na jiha, kowace gunduma ta zo da ƙungiyar rawa ta naƙasassu, su ma a ba su fili kamar kowa. Ta ce a ba su ɗakin koyo a gidan al'adu, a ba su makaɗi, a kai su a dawo da su. Tare da takardar aka aiko da kekunan guragu sababbi masu ƙafa uku, irin waɗanda ake tuƙawa da hannu. Ba zan yi butulci ba, takardar nan alheri ce. Kafin ta, ban taɓa shiga gidan al'adu ba, matakala uku ne a ƙofarsa kuma babu wanda ya taɓa tunanin irina za ta so shiga. Saboda takardar aka zuba siminti aka yi gangare a gefen matakalar, yana nan har yau.

Wanda aka ɗora wa aikin wani saurayi ne baƙo, Mushe Adamu, wato Malam Adamu da Faransanci, shugaban gidan al'adun, mai tsabta, mai kirki, mai yawan gyara tabarau. Ya yi ta tambaya a gari har aka nuna masa rumfata. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ma'aikata ba su cika yi ba, ya ce:

"Madam Saude, an ce mani duk garin nan babu wadda ta kai ki. Ina so ki shugabanci ƙungiyar."

Na ce, "Mushe, wa yac ce maka? Ni tela ta. Rawag ga da kaj ji, ta cikin gida ta, maza ba su ganinta."

Ya ce, "Ai da mutunci za a yi, Madam. Kowa a zaune kan kekensa, da anko, gaban gwamna."

Yaya Isuhu yana cikin shago yana auna shinkafa, duk ya ji. Da Mushe ya tafi sai ya fito ya zauna a kan benci kusa da ni, yana kallon hanya. Na ci gaba da murza keken ɗinkina. Can ya ce:

"Saude, kin san ra'ayina bisa kiɗi, ba ni sake maimaita maki. Amma ba shi na ad damuwata ba yanzu. Nan Arewa ta. Mace ta sabka ƙasa gaban maza ana kaɗa mata ganga tana birgima, mi mutane za su cewa? Cewa za su yi iska ta hau ta. Su ce doguwad da tas sha ƙahwahunta ta dawo karɓas sauran."

Na ce, "Yaya, ni ba birgima nika yi ba, kai ka hi kowa sani."

Ya ce, "Na sani. Su ba su sani ba. In zamne za ki yi bisa keke, da lulluɓinki, ki tahi, ni kau in kau da kai. Amma ki ba ni alkawali ba ki sabka ƙasa."

Na ɗaga ido na dube shi na ce, "Na ba ka alkawali, Yaya."

Ku karanta wannan layin sau biyu. Bai tilasta ni ba, bai yi mini tsawa ba. Ya sassauta daga abin da ya yi imani da shi saboda ni, ya nemi abu ɗaya, ni kuma na ba shi da bakina.

Mu shida muka taru, mata huɗu maza biyu, har da Zali ƴar Matankari, wadda bakinta ya fi ƙafafun mutum goma gudu. Makaɗinmu tsoho Arzika ne, wanda ya kaɗa mini ƙwarya da kalangu a bukukuwa ba sau ɗaya ba, daga bayan zana, don shi ma ba ya shiga cikin mata. Mushe Adamu ya zana mana tsarin rawar a kan allo da alli: mu shigo a jere, mu zagaya sau uku, mu tsaya, mu ɗaga hannu sama, mu yi tafi, mu sake zagayawa. Abin da bai lissafa ba shi ne, mai keken guragu da hannu yake tuƙi. In ka ɗaga hannu don rawa keke ya tsaya, in ka riƙe keke babu rawa. Makon farko mun fi yin karo da juna a kan komai. Zali ta taɓa sakin matuƙi tana tafi, kekenta ya gangara ya shige ƙarƙashin teburin Mushe, ta fito da takardunsa a kan cinya. Mun yi dariya a ɗakin nan har cikinmu ya ƙulle, kuma ina gode wa Allah da waɗannan makonni, don ban taɓa zama da irina mu yi wasa ba sai a lokacin. Amma in gaya muku gaskiya, abin da muke yi yawo ne da keke ana kaɗa mana ganga.

Wata rana Zali ta kasa haƙuri ta ce wa Mushe:

"Kai ɗan nan, kana da zinariya cikin ɗaki kana wasa da gwangwani. Ruhe ƙohwa ka hita waje, ka leƙo ta taga in kana so, ka ga abin da Saude ka yi."

Na ƙi, ta nace, sauran suka sa baki. Na ce wa zuciyata ɗaki a rufe ba gaban jama'a ba ne. Washegari na zo da takalman Yaya, na sa wandon da na ɗinka wa kaina mai faɗi har idon sawu, na ɗaure zane a kai, na sauka. Arzika ya buga, na amsa masa da na dama, ya sake, na amsa da na hagu. Ban yi minti biyar ba na tsaya. Mushe Adamu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na ga abin ya shige shi. Amma da ya buɗe baki sai ya ce:

"Madam, ban taɓa ganin irin wannan ba. Sai dai ba zai yiwu ba. Gwamnati ta ba da kekuna don ta ɗaga ku daga ƙasa. In manya suka ga na mayar da ku ƙasa kuna rarrafe gaban gwamna, me za su ce da ni? Za su ce Dogon Dutsi ta wulaƙanta naƙasassu."

Arzika ya yi tsaki ya rataya gangarsa. Ni kuwa ban yi musu ba, har wani sanyi na ji, don maganar Mushe ta zo daidai da alkawarin da na yi wa Yaya. Mutum biyu da ba su taɓa shan shayi tare ba, ɗaya don addini ɗaya don ofis, duk sun yarda mutuncina yana kan keke. Na naɗe takalman na koma gida. Amma ranar tafiya Doso, da nake haɗa kaya, na tura su cikin akwatin da ke ƙarƙashin kujerar keken. Na ce wa babanku ko za a buƙace su wurin shiga makewayi. Ya dube ni ya dubi na yau da kullum da ke rataye a matuƙi, ya kau da kai. 

An yi wasan bayan la'asar, a wani fili mai daɓen siminti, jama'a sun kewaye shi, manya suna ƙarƙashin rumfa. Aka kira Dogon Dutsi, muka shigo a jere da ankonmu shuɗi, muka fara zagayawa. Aka yi mana tafi, amma ni da na yi shekara talatin ina rawa a bukukuwa na san tafin jin daɗi, na kuma san tafin tausayi. Ina jin mata a gefe suna cewa, "Allah sarki, bayin Allah." A zagaye na biyu sai wani abu ya faɗo mini a cinya, na duba, kuɗin ƙarfe ne. Wani ya jefo daga nesa yana cewa Allah ya ba mu lafiya. Kafin mu gama zagayen wasu sun bi sahunsa, ana ta watso mana, suna ƙara a kan siminti suna gangarawa ƙarƙashin tayoyi. Ku da kuka tashi a nan kun san bambancin. Mai rawa zuwa ake yi har gabansa a liƙa masa a goshi, wannan girmamawa ce. Wanda ake jefa wa daga nesa ana yi masa addu'ar sauƙi mabaraci ne. Ni kuwa tun da Inna ta haife ni ban taɓa miƙa hannu ba, kuma wanda ya tsare ni daga hakan shi ne Yaya Isuhu, da katakonsa da keken ɗinkinsa.

Na tuna alkawarin, kada ku ce mantawa na yi. Fuskar Yaya ta zo mini sarai, yana zaune a kan benci yana kallon hanya. Na ja birki duk da haka. Zali da ke bayana ta kusa hawa kaina. Na buɗe akwati na ciro takalman, na zamo daga kujera na dira ƙasa. Filin ya yi tsit, na hango Mushe Adamu ya dafe kai da hannu biyu. Arzika ya dakata, ya dube ni, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Ɗiyata, kin tabbata?"

Na buga na hagu sau ɗaya a kan simintin. Ya gyara ratayar gangarsa ya saki kiɗan da yake yi mini daga bayan zana.

Ba zan iya rubuta muku rawa a takarda ba. Na dai san na ɗaga jikina duka a kan hannu biyu, na juya, na sauya, ganga tana tambaya katako yana ba ta amsa, siriri da kauri. Simintin ya fi daɓen ɗaki murya, ƙarar ta kai har bayan fili. Zali da sauran suka saki matuƙa suka kama tafi daidai da bugun, daga nan jama'a suka karɓa. Jifan kuɗi ya tsaya cak. Wata mata ta rangaɗa guɗa, wata ta amsa mata daga can gefe. Kusa da ƙarshe na buga na hagu da ƙarfin da ya wuce kima, na ji ya tsage a hannuna, na ƙarasa da shi a haka yana wata gurguwar ƙara. Da na tsaya ina haki, sai ga wata tsohuwa ta ratso fili da sandarta, ba ta kula da masu tsaro ba. Ta zo gabana, ta ga ba za ta kai goshina a tsaye ba, ta durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyinta, ta kwance bakin zanenta ta liƙa mini. Ba ta ce Allah ya ba ni lafiya ba. Cewa ta yi:

"Wa yak koya maki wanga?"

Na ce, "Wana na."

A nan ne kuka ya ƙwace mini, ita tana tsammanin na murna ne.

Ba mu ci komai ba. Alƙalan gasa suka ce mun saɓa tsarin da muka rubuta za mu yi, wata gunduma ta ɗauki kofin. Maza biyun ƙungiyarmu ba su yi mini magana ba har muka iso gida, Mushe Adamu kuma ya sha faɗa wurin na gaba da shi. Labari ya riga mu isowa Dogon Dutsi, kuma ya iso yadda Yaya ya faɗa: har da masu rantsuwa cewa iska ce ta hau ni a gaban gwamna. Washegari da safe na tafi rumfata kamar kullum. Yana tsaye a bakin shago, bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ya ce:

"Saude, ni nit tilasta ki kib ba ni alkawali?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya ce, "To. Ɗauki kekenki na ɗumki ki koma gida. Ba don maganam mutane ba. Ba ni iya kallonki kullum ina tunawa."

Na so in gaya masa zancen kuɗin da aka jefo, amma girman kai ya riƙe mini harshe, irin wanda kuka gada. Aka ɗora mini keken ɗinkin a amalanke na dawo da shi zauren gidan nan. Wannan ita ce korar da kuke ba da labari. Watanni bakwai bai tako gidan nan ba, ni ma ban bi ta layin shagonsa ba. Masu kawo ɗinki suka ragu, tuwon gidan nan ya yi ƙaranci a wannan shekarar, manyanku za su tuna. Amma duk ranar Juma'a matarsa takan aiko da cefane ta ce daga ita ne, ni kuma in karɓa in yi kamar na yarda. Abin da ya fi ci mini rai ba ɗinki ba ne. Na saba duk azahar ya miƙo mini ruwan sanyi daga cikin shago ba tare da na roƙa ba, sai ga azahar tana yi babu mai miƙowa.

A cikin watannin nan Mushe Adamu ya zo har zaure ya ba ni haƙuri, abin da ban zata ba. Ya ce ya sake karanta takardar, babu inda ta ce a yi rawa a kan keke, shi ne ya haɗa biyun a kansa. Ya tara mu ya goge allonsa, ya ce kowa ya nuna masa yadda jikinsa ya san rawa. Ashe Zali da kafaɗa take yi, ɗaya daga cikin mazan kuma da sandunansa. Ƙungiyar da kuke gani yau a gidan al'adu, da makafi da kurame a ciki, daga wannan zaman ta faro. Keken kuwa ya yi mini amfanin da aka yi shi dominsa, shi yake kai ni har bakin fili in sauka.

Da bazara ta kama, aka yi rasuwa a danginmu, muka haɗu da Yaya wurin gaisuwa. Na ratsa tsakar gidan da takalman kasuwa, waɗanda suka cinye har yatsuna suna taɓa rairayi. Ban san ya lura ba. Bayan kwana tara, da azahar, ina zaune ina ɗinki sai na ji sallamarsa a ƙofar zaure. Ya shigo da ƙunshi a hannu, yatsansa ɗaya naɗe da tsumma. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa kamar jiya muka rabu. Na ce masa na karya alkawari, ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, shi ma a yafe masa. Sa'an nan ya tura mini ƙunshin ya ce:

"Ban ce ya halatta ba, kuma ba ni zuwa kallo. Na tahiya na. Na ga naki sun cinye, rana ta yi zahi."

Na kwance. Takalman hannu ne sababbi na icen ƙirya, baƙaƙe masu nauyi, da sawun gizago a jikinsu. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai riƙe komai ba sai ma'auni da carbi. Na damƙe su na gwada a kan daɓen zaure. Na dama ya yi ƙara siririya. Na buga na hagu, ya amsa da murya mai kauri. Na ɗago na dube shi, ya juya yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki. Ya ce:

"Icce na, haka yaz zo."

Na ce, "Haka na, Yaya."

Na ɗebo masa ruwa a randa, ya sha, ya tashi ya tafi masallaci.

Bai ce in koma rumfa ba, ni ma ban nema ba, don masu ɗinki sun riga sun koyi hanyar zaure. Amma daga ranar kusan kullum sai ya biyo ta nan bayan la'asar, har ciwon da ya ɗauke shi. Bai taɓa ganin rawata a fili ba, bai taɓa tambayata yadda aka yi ba, kuma bai canza ra'ayinsa a kan kiɗa ba har ya koma ga Allah. Ni kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina rawa da takalman nan kafin kafaɗuna su ce sun gaji, kuma ƙirya ba ta tsage ba. Ban yi nadamar saukata daga keke ba, ban kuma daina jin nauyin alkawarin da na karya ba, duka biyun ina ɗauke da su kuma barcina nake yi lafiya.

Takalman suna nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Takalmin tafiya ba ya buƙatar rami, kowane masassaƙi zai gaya muku haka, rami ma rage masa ƙarfi yake yi. Duk wanda a cikinku bakinsa ya sake yin ƙaiƙayin zagin Kawu Isuhu, ya je ya sauko da na hagu, ya kife shi, ya sa yatsa a ciki.